Tarwadar Madam da Rawanin Agali

Ranaku da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka so a kware wa dattijo rawani saboda jajayen kifi guda shida ba. Ku da kuke sayar da kifin ado yau a nan Arlit, ku buɗe kunne, domin hannuna na cikin wannan abin kunya dumu-dumu.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ne. Lokacin Arlit ba ta zama gari ba, fili ne da duwatsu. Nasarun da ke yawon neman dutsen iraniyom, a Agadas suke ajiye matansu, su kuma su shiga daji. Ni a can Agadas ina tsaron kantin wani Nasara da muka laƙaba wa suna Mushe Ba-Komai, Mushe shi ne Malam da Faransanci, ba komai kuwa iyakar Hausarsa ke nan, kuma da ita yake amsa kowace tambaya.

Zaman kaɗaici ya ishi matan Nasaru, sai Mushe ya fara kawo musu kifin ado. Ga yadda aikin yake. Kamiyo, wato babbar motar kaya, zai iso daga kudu da kifin cikin garwa, rabi sun mutu a hanya. Ni ke tsame masu rai in zuba a akwatunan gilashi, in riƙa sauya musu ruwa, sannan in rubuta ɗan kati in manna a jikin kowane akwati: sunan kifi, iyakar girmansa, abincinsa, da ko yana zama lafiya da wasu. An ba ni aikin ne don ni ɗan masunta ne daga bakin kogi wajen Gaya, na kuma ɗan yi lakwal, wato makarantar boko. Sai dai Mushe ke faɗa, ni ke rubutawa, kuma a wurinsa duk kifin duniya bai wuce yatsa ba.

Wata rana na tsinci wata ƴar baƙa mai gashin baki a cikin garwa. Ashe direba ya ƙara ruwa a wani tafki a hanya, ya kwaso ta bai sani ba. Kallo ɗaya na yi mata na gane ƴar tarwada ce. Mushe kuwa da ya ga gashin bakin sai ya washe haƙora, wai ga kifin manya.

Na ce, "Mushe, wannan tarwada ce. Tana kai tsawon hannuna, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne."

Ya ce, "Ba komai. Kifi daidai akwatinsa yake girma. Rubuta: ba ta wuce yatsa, tana cin ɓarɓashin burodi, mai zaman lafiya ce."

Mutumin da bai taɓa jefa fatsa ba yana koya wa ɗan masunta girman tarwada! Na ji haushi har wuya, amma na tuna abincina a hannunsa yake. Na rubuta, da rubutu mai kyau ma.

Madam, matar wani injiniya, ita ce ta saye ta, tare da jajaye shida da akwatinsu. Ta dube ni ta ce, "Ba za ta dami ƴan uwanta ba ko?" Na nuna mata kati da yatsa, na sunkuyar da kai. A zuciyata na ce ai ban buɗe baki na yi ƙarya ba. Haka matsoraci ke lallashin kansa.

Bayan wata huɗu aka aiko a kai wa Madam sababbin jajaye, wai na farko sun ƙare. Na ɗauki garwa na tafi da hantsi. Ina shiga gidan na tarar da jandarma biyu, da injiniya yana kai da komowa, da wani dattijo zaune a rana. Agali ke nan, mutumin Abzin, mai gadin gidan, shi ne kuma ke ɗebo ruwa yana sauya wa kifin. Madam ta rantse shi ke tsame su ɗaya bayan ɗaya yana gasawa. Kwana biyu ke nan yana tsare a ɗakin baya, yau za a miƙa shi wurin kwamanda, Nasaran da ke mulkin garin, daga can sai gidan kaso.

To ku ji wauta. Kowa a Agadas ya san mutanen Agali ba sa cin kifi, ko warinsa ba sa so. Madam ta shekara uku a garin, amma ba ta sani ba, don ba ta taɓa tambaya ba. Abin da ta sani shi ne kati ya ce baƙar mai zaman lafiya ce, saboda haka ɓarawo mutum ne. Sai ta ce da jandarma su sauke masa rawani ta shinshina bakinsa. A wurin Ba'abzine dattijo, buɗe masa baki a gaban mace baƙuwa da taron mutane tamkar tuɓe masa wando ne a kasuwa.

Agali ya dafe amawalin da ya rufe masa baki da hannu biyu ya ce, "Madam ya kai ni kaso, ni yarda. Rawani a'a."

Jandarma ɗaya ya miƙa hannu. A nan na ce a dakata, na nufi akwatin. Ga tarwadar can kwance a ƙarƙashin dutse, ta fi taƙi ɗaya, ciki ya yi tulu, gashin baki ya kusa taɓa gilashi hagu da dama.

Na ce, "Madam, ga ɓarauniyarki."

Ta ce, "Ƙarya kake! Ga abin da kati ya ce."

Tana kallon kifin da ya ninka yatsa sau huɗu, tana karanta mini cewa ba ya wuce yatsa. Na ce to, gani ya kori ji. Na tsamo ja ɗaya daga garwa na saka. Bai gama zagaya akwatin ba, tarwada ta taso ta yi masa loma ɗaya, ta koma ta kwanta. Madam ta ƙwala ihu. Jandarman ya janye hannunsa, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Injiniya ya tambaye ni wa ya rubuta katin. Na ce ni ne, Mushe ya faɗa. Ya ce ko na san ƙarya ce? Na ce na sani tun ranar farko.

Aka saki Agali, ba wanda ya ce masa sannu. Madam ma cewa ta yi laifinsa ne da bai lura ba. Ta ce in kwashe mata wannan mugun abu daga gida. Na kwashe, na kai gida aka yi mini romo. Duk wannan shari'a, ni kaɗai ne na ci kifin Madam. Mushe kuma da labari ya kai masa, ranar ce ta farko da bai ce ba komai ba. Korata ya yi.

A ranar, ina fita daga gidan Madam da garwata, Agali ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Na zaci godiya zai yi, har na fara gyara fuska. Sai ya ce, "Ɗana, kai san kifin nan tun yana ƙarami?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Kifi ba shi laifi, yunwa ne ya ji. Kai me ka ji?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki takobinsa da butar shayinsa ya bar gidan, ban sake ganinsa ba.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. Mai saye ya fi yarda da katinku a kan idonsa, kuma ranar da ƙaryar ta girma ta cika akwati, ba ku za a kama ba, ba shi ba, wani bawan Allah ne da bai saya ba bai sayar ba. Daga baya na yi shekaru ina sayar da kifi a garin nan, masu saye da yawa sun fasa ciniki don na buɗe hannu na nuna musu tsawon da zai kai. Ban taɓa kiran ko ɗaya ya dawo ba. Har yau kuma ban samo amsar da zan ba Agali ba.