Tsoho Tsatsa da Keken Gimbiya

Duk wanda ya bi ta layin nan sai ya ji Mai Walda kafin ya gan shi. Ko dai ƙarar injin yankan ƙarfe, ko kuma muryarsa yana faɗa da gwiwarsa ta hagu. Tun yana saurayi wata ƙatuwar ƙofa ta faɗo wa gwiwar, ba ta ƙara miƙewa daidai ba. In zai ɗaga abu mai nauyi sai ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya ce, "Tashi, malalaciya, ba gidan ubanki ba ne nan!"

Mutum ne mai riƙe lissafin aikinsa a ka. Ƙofofin gida ɗari biyu da sha ɗaya ya haɗa da hannunsa, kuma zai gaya maka babu wadda ta taɓa ɓallewa sai guda ɗaya, ita ma mota ce ta yi mata karo.

Matarsa tela ce. Keken ɗinki na ƙafa take aiki da shi, baƙi mai ratsin ruwan zinariya, a ɗan ɗakin da ke kusa da madafa. Gimbiya yake ce mata, ita kuma in ta ji haka sai ta harare shi ta ce ya bari kada maƙwabta su ji. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ƙanwarsa ta rasu ta bar yaro ɗan shekara shida, su suka ɗauke shi. Siriri ne, kullum hannunsa na zane, shi ya sa layin gaba ɗaya ya laƙaba masa Fensir.

Mai Walda ya so ya koya masa sana'a, amma ina. A aike shi ya auno ƙarfe da alli, sai a tarar ya cika farantin ƙarfen da zanen wasu ƙattai masu kan tukunya da hannun salansa, suna dambe.

"Bar shi," in ji Gimbiya. "Kai kana haɗa ƙarfe da wuta, shi yana haɗawa da alli. Nasa ma ba ya ƙona riga."

Fensir na da shekara sha huɗu Gimbiya ta rasu. Yaron ya daina cin abinci, ya daina zane, ya koma kamar sandar rake da aka tsotse. Wata safiya Mai Walda ya kama hannunsa ya kai shi ɗakin ɗinki, ya nuna masa abin da bai taɓa nuna wa kowa ba. Ya yaye ƙyallen da ke kan keken, ya ɗiga mai a ramukansa bakwai, ya zauna a kujerarta.

"Gimbiya, kin tashi lafiya?" ya ce. "Malalaciyar nan ta hana ni barci jiya. Ga ɗanki kuma ya ƙi cin abinci."

Sai ya taka feda. Keken ya ce taka-taka-ƙis, taka-taka-ƙis. Wannan "ƙis" ɗin nasa ne, daga inda ya taɓa yi wa sandar feda walda.

"Ka ji? Faɗa take yi. Zo ka ba ta haƙuri da bakinka."

Fensir ya durƙusa a gaban keken ya yi kuka har ya gode wa Allah, daga nan ya tashi ya ci abinci. Tun daga ranar, in Mai Walda ya shiga ɗakin da safe, yaron kan ja masa ƙofa a hankali. Ba su taɓa maganar a waje ba.

Yaro ya girma, ya yi karatun zane, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai yin katun na talabijin. Ya kama ɗaki kusa da wurin aiki, amma makullin gida na nan a aljihunsa. Bayan wani lokaci suka fito da shirin barkwanci mai suna Gwarazan Bola. Wasu ƙattan mutum-mutumi ne guda biyar da aka harhaɗa da tarkacen ƙarfe, kowanne ya fi bene tsawo, kowace Asabar sai sun rushe rabin gari a kan abin da bai kai ya kawo ba: wa ya shanye gangar baƙin mai, wa ya taka wa wani yatsa.

A cikinsu akwai dattijo, Tsoho Tsatsa, mai ɗingishi. A kashi na farko, ana shirin gwabzawa, sai ya tsaya ya zaro sifana mai girman motar bas, ya ƙwanƙwasa gwiwa ya ce, "Tashi, malalaciya!"

A shagon Mai Faci ake kallon, gefen shagon walda, don shi ke da babbar talabijin. Mai Faci ya yi dariya har ya faɗo daga kan taya.

"Wallahi kai ne! Har ƙeyar taka ce!"

"To ni ne mana," in ji Mai Walda. "Kai wa zai zana ka? Ko an zana ka, iska za ta fita."

Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Yara suna bin sa suna "Tsoho Tsatsa!" shi kuma ya ƙara wa ɗingishin gishiri don su ji daɗi. Ya tattara guntayen bututu ya haɗa ƙaramin Tsoho Tsatsa ya kafa a ƙofar shago. Da Fensir ya zo da na'urar ɗaukar sauti, Mai Walda ya rufe aiki ya ba shi ƙara iri talatin da huɗu: guduma a kan ganga, kukan tsohon ƙyaure, sarƙa a kan siminti. Kashi ashirin da biyar aka nuna, bai rasa ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya kawo aiki sai ya ji cewa ɗansa ne ya zana.

A kashi na ashirin da shida, an gama faɗa, an cire wa Tsoho Tsatsa hannu kamar kullum. Sai aka nuna shi yana waige-waige, ya lallaɓa bayan tulin bola, ya yaye wani ƙaton tanti. A ƙarƙashi akwai keken ɗinki baƙi mai ratsin zinariya, an yi masa gashin ido zara-zara da jan baki. Ƙaton ya durƙusa, ya ɗiga masa mai, ya narkar da murya.

"Gimbiya, kin tashi lafiya?"

Ya taka feda da ɗan yatsa. Taka-taka-ƙis, taka-taka-ƙis.

"Haba Gimbiya, faɗa kuma da sassafe?"

Shagon ya kece. Yara suna birgima a ƙasa. A talabijin sauran ƙattan huɗu sun leƙo ta saman bola suna dariya har sukurori na zubowa daga bakinsu. Mai Walda kuwa yana zaune kamar an yi masa walda da bencin. Ba zanen ne ya fi tsaya masa a rai ba, wannan "ƙis" ɗin ne. Babu keke na biyu a duniya mai wannan ƙarar. Yana shago yana fama da wuta, an sa makulli an buɗe gidansa, an yaye ƙyallen, an zauna a kujerarta an taka.

Mai Faci ya share hawayen dariya, ya juyo. "Kai, yaron nan shaiɗani ne. Ina ya samo wannan? Af, wai keken marigayiya ba yana nan a..." Sai ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye sauran. Amma mutanen da ke kusa sun riga sun ji, kuma sun riga sun juyo.

Kashegari ko shago bai gama buɗewa ba yara suka taso. "Gimbiya, kin tashi lafiya? Taka-taka-ƙis!" Wata mata da ta kawo gyaran murhu ta dube shi da tausayi, ta tambaye shi ko yana samun mai hira da shi a gida. Wannan ya fi ihun yaran ciwo.

Da hantsi Fensir ya iso, fuska fal annuri, waya a hannu.

"Kawu, ka gani kuwa? Ba a taɓa kallon wani kashi kamar na jiya ba! Shugabanmu ya ce Gimbiya ta zama 'yar gida, kowane mako da ita."

Mai Walda ya kashe injin, ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa. "Yaushe ka shiga ɗakin?"

Murmushin ya ragu. "Kwanakin baya. Na gwada kekuna uku a kasuwa, babu mai irin muryarta. Na so in gaya maka, sai na ce bari ya zo maka ba zato."

"Ya zo."

"Kawu, don tunawa da Mama na yi. Yanzu duk ƙasar nan an san sunanta."

"Ba sunanta ba ne. Sunan da nake kiranta ne, ita kanta ba ta yarda maƙwabta su ji ba." Ya aje gilashin a kan teburi. "Gwiwata na ba ka, don a titi nake ɗingishi, kowa na gani. Ƙarar shagona na ba ka. Wannan ka tambaye ni?"

"Da na tambaya ai ba za ka yarda ba."

"Ashe ka sani."

Fensir ya sunkuyar da kai, yana jujjuya wayar. "Shirin barkwanci ne, Kawu. Dole a yi dariya. Amma in ka kalla da kyau, akwai tausayi a ciki."

"Ranar da na kai ka gabanta, da ka ƙi cin abinci, dariya ka yi?"

Fensir ya mayar da wayar aljihu. A maƙwabta Mai Faci ya ƙara wa injin iskarsa wuta don kada a ce yana saurare.

"To a cire ta," in ji Mai Walda. "Wanda aka nuna ya wuce. Kada a ƙara."

"An riga an zana kashi takwas, Kawu. Ba ni kaɗai ba ne, mu goma sha biyu ne a kan aikin. In na ce a cire..."

Mai Walda ya miƙa hannu, tafinsa a buɗe. Fensir ya ɗauka gaisawa za su yi, har ya kawo nasa.

"Makullin."

Yaron ya daɗe yana fama da zoben makullan kafin ya zare shi.

Washegari da safe Mai Walda ya shiga ɗakin ɗinki da 'yar kwalbar mai, ya ja ƙofa da kansa. Ya yaye ƙyallen, ya zauna, ya gyara murya. "Gimbiya," ya ce, sai ya tsaya. Muryar Tsoho Tsatsa ya ji a bakinsa. Ya dubi keken, idonsa na ƙara masa gashin ido da jan baki. Ya daure ya taka feda ko za ta yi masa faɗa kamar da, ƙarar ta fito yadda take fitowa kullum, sai dai a bayanta dariyar shagon Mai Faci yake ji. Ya ɗauke ƙafarsa. Ya ɗiga mai a ramuka bakwai ɗin, ya mayar da ƙyalle, ya fita.

Har yau yana nan a layin, ƙofofinsa sun kai ɗari biyu da talatin. Ƙaramin Tsoho Tsatsa na ƙofar shago ya yanka shi ya yi wa wani benci ƙafafu. Ranar Asabar da yamma, in yara suka taru a shagon Mai Faci, lokacin yake tayar da injin yanka, ko babu abin yankawa. Gwiwar ma ya daina yi mata faɗa, in zai ɗaga ƙarfe sai ya cije leɓe ya ɗaga.

Fensir yana zuwa gaisuwa. Yakan zauna a kan bencin nan, a tambaye shi aiki, ya ce lafiya, a sa masa albarka. Wani zuwan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kawu, ko zan shiga in gaida Mama?"

Mai Walda ya sauke gilashin a kan fuskarsa, ya ɗauko ƙarfen walda.

"Keke ne," ya ce. "Kawar da idonka, zan kunna wuta."