'Ya'yan Fari da Rijiyar Unguwar Ɗorawa

Har yau ban manta da ranar da wata tsohuwa ta koya mini aikina ba, ni da nake taƙama na fito daga makarantar Midil a Kano. A farkon shekarun 1950 ne, ina ƙaramin malami a ofishin hakimi a ƙasar Kiru. Ku yaran yanzu ƙaramar hukuma kuka sani. A zamaninmu En'e ce: umarni ya taso daga Kano zuwa ga hakimi, hakimi ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa mai unguwa. Mu malamai namu rubutu ne.

A shekarar aka aiko cewa za a gina rijiyoyin siminti, amma sai a unguwar da yawan mutanenta ya kai adadin da aka yanka. Aka tura ni ƙidaya wajen Ƙafin Maiyaki. Cikin wuraren da na zaga har da Unguwar Ɗorawa, inda Fulanin da suka kama noma suke zaune tare da Hausawa. Da rani matansu sai sun yi doguwar tafiya zuwa rafi su tona yashi, ruwan da za su samo kuwa ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha.

Yadda ake yi, in tsaya a ƙofar gida tare da mai unguwa, maigida ya fito, in tambaye shi matansa da 'ya'yansa, in rubuta. Da na gama na haɗa, sai na ga sun gaza da mutum tara. Na gaya wa mai unguwa, Malam Jibo, dattijo mai sanyin hali. Ya ce, "Haka Allah ya so, malam." Na ji ba daɗi, amma na ce ni dai abin da aka faɗa mini na rubuta. Dagaci ya sa hannu, aka aika takardar ofishin hakimi.

Washegari ina ɗaure kayana a keke, sai ungozomar unguwar, Iya Dije, ta yafito ni.

"Kai angona, zo nan. An ce ka ƙirga mu ka ce ba mu kai ba. Gidan Buba 'ya'ya nawa ka rubuta?"

Na buɗe littafi. "Huɗu, Iya."

"Biyar na yanke wa cibiya. Gidan Sale fa?"

"Uku."

"Huɗu ne. Wai a makarantar taku ba a gaya muku uba ba ya lissafa ɗan farinsa ba? Ka tsayar da mutum a gaban jama'a, kana so ya buɗe baki ya ambaci ɗan fari? Ina kunyar take?"

Na juya wajen Malam Jibo, ya ce, "Ai na zaci kana ƙarawa da kanka, malam. Wannan kowa ya sani." Kakannin da ke riƙon wasu daga cikin yaran kuwa sun ɗauka an riga an rubuta su a gidan iyayensu.

Ranar nan ni da Iya Dije muka sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan kowane yaro ana fito mini da shi. Muka sami goma sha huɗu. Amma takarda ta riga ta tafi, kuma na san da safe manzo zai wuce da ita Kano.

Da sassafe na taka keke kamar zan karya shi. Na tarar manzo yana ɗaura wa dokinsa sirdi. Babban malaminmu, Malam Inuwa, ya ce takardar da dagaci ya sa wa hannu ba mai taɓa ta sai hakimi. Na shiga wajen hakimi na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne, ba na mutanen ba." Na kwashe labari na faɗa.

Hakimi ya dube ni, ya dubi Malam Inuwa. "Malam, kai 'ya'yanka nawa?"

"Shida, ranka ya daɗe."

"Bakwai ne. Ina wurin aka raɗa sunan babban."

Fada ta kwashe da dariya. Ya ce a tsayar da manzo, a sake takarda, dagaci ya zo ya sake sa hannu. Hukuncina shi ne in koma duk ƙauyukan da na ƙirga in sake daga farko. Wallahi ban taɓa karɓar hukunci da farin ciki irin wannan ba. Kafin damina ta biyu aka gina wa Unguwar Ɗorawa rijiyar.

Abin da na koya shi ne, takarda tana tambaya kai tsaye, mutanenmu kuwa da kunyarsu suke amsawa, kuma aikin malami ne ya san abin da ba za a faɗa masa ba. Ni ne ma ya fi kamata in sani, don ni ɗan fari ne. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Da wani malami irina ya je ƙofar gidanmu da littafinsa, da ni ma babu ni a ciki.