Idon Kawu na hagu

Jiya a kasuwar Konni wani mai tebur ya haska ɗigon koren haske a bango da 'yar fitilar leza. Kawu ne ya faɗo mini a rai.

Aikinsa a Faransa shi ne auna yadda gilashi ke sauya hali idan an buge shi da hasken leza mai tsanani, wanda ya fi ƙiftawar ido gajarta. Yana da jerin da yake maimaitawa ko fitila zai kunna: "Tabarau tukuna, sannan ƙofa, sannan wuta."

Shekarar da ya zo hutu Malbaza, muna zaune bayan la'asar, rediyo mai kaset na gefe, ƙamshin na'ana'a ya cika wurin. Ya ɗaga buta zai zuba shayi, shayin ya sauka a tabarma, gefen kofi. Ya sake, ya sake kuskurewa.

"Kawu, lafiya?"

"Idon hagu ya tafi, ɗana. Rana guda na kunna wuta kafin in sa tabarau. Ko zafi ban ji ba."

Na dubi fuskarsa. Idon na nan garau, yana dubana, ba ya ganina.

"To ku zamna gida, Kawu. Guda ya rage muku."

"Na iya ƙidaya," in ji shi. "Miƙo tsumma."

Ya koma bakin aikinsa. Har ya rasu da idon dama yake karatu, don bai ƙara saɓa jerin ba.

Allah ya jiƙansa, ya cika kabarinsa da hasken da ba ya cin ido.