Takardar da Maigida Ya Bari a Kan Tebur

Shekara goma sha ɗaya na yi ina dafa wa wani Bature ɗan Ostareliya abinci. A Legas ya ɗauke ni, lokacin yana ofishin jakadancin ƙasarsu, da aka mayar da shi birnin Guangzhou na ƙasar Sin a ƙarshen shekarun casa'in ya tafi da ni. Tun yana saurayi yake aikin gwamnati, daga ɗaukar fayil ya fara. Ba mata, ba 'ya'ya. Aikin ya bar masa hali guda: bai yarda da maganar baka ba. Ko gishiri ne ya yi yawa a miya, sai ya rubuta ya ajiye a kan tebur.

Ni kuwa ban iya karatu ba. Malam yake kirana, kunya ta hana ni gaya masa, ga tsoron kada ya sallame ni a ƙasar mutane. Sai na sami dabara. In ya fita, in ninke takardar in hau bas zuwa unguwar Sanyuanli, wurin wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai sarin tufafi, ya karanta mini. Yakan tsokane ni, wai ga masinjan da bai san abin da ya ɗauko ba.

Wata Asabar na dawo daga cefane da hantsi na tarar da takarda, ƙofar ɗakinsa a rufe. Rubutun ya karkace, ba kamar kullum ba. Na tsaya a bakin ƙofar, amma in na ƙwanƙwasa zai ce ban ga takarda ba ne? Na sa ta a aljihu na fita.

Alhaji ya tafi wajen ɗaurin kaya, na jira shi har bayan azahar. Ya duba takardar sau biyu, bai tsokane ni ba.

"Ɗan'uwa, tun yaushe take hannunka?"

"Tun hantsi."

"Ya ce ƙirjinsa na ciwo, ya sha magani zai kwanta. Ka tashe shi ƙarfe sha ɗaya. In bai tashi ba, ka kira likita."

Da na koma gida, a kan gado na sami maigida, da tabarau a fuska. Jikinsa ya riga ya yi sanyi.

Mutanen ofis sun tambaye ni ina nake, na ce kasuwa. Ba wanda ya yi zancen takarda.

Shekarata biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Kwanan baya malamarmu ta ce kowa ya kawo rubutu daga gida ya karanta wa aji. Na ciro takardar daga akwati, na karanta kalmar farko da kaina: "Malam." Na mayar da ita, na kai musu kwalin shayi na karanta rubutun jikinsa.