Baba Mahaman Mai Aski da Ƙwaron Damina

A Titin Koudoukou, cikin unguwar Kilomita Biyar, daf da inda 'yan babur ke tsayawa, akwai shagon Baba Mahaman mai aski. Ya fara sana'ar tun yana da suma. Yanzu sumar ta yi masa sallama. Ba ya tinƙaho da askinsa, wanda, tsakani da Allah, wani lokaci gefe ɗaya kan ɗara ɗaya. Alfaharinsa guda ne: ba wanda ya taɓa tashi daga kujerarsa da ƙunar ƙwaro.

Bayan shagon akwai kwata mai danshi, inda ake zubar da ɓawon ayaba da ganyen rogo. Cikin wannan ruɓaɓɓen ganye wani ɗan siririn ƙwaro mai ja da baƙi yake zaune. Da damina, ana kunna fitila sai ga shi. Ba ya cizo. Amma ka kuskura ka murtsuke shi a jikinka, fata za ta tashi kamar an ɗiga mata tafasasshen mai. 'Yan Kilomita Biyar sun san hure shi ake yi. Baƙi kuwa mari suke kai masa, kamar sauro.

Wata rana da almuru, Sulaimanu mai atamfa, wanda bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, ya shigo gyaran fuska, jibi ɗaurin aurensa. Aska na wuyansa sai ƙwaron ya sauka a kuncinsa. Ya ɗaga hannu. Baba ya cafke hannun, ya cika baki da iska, ya hura. Ya manta da goron da yake taunawa.

Ƙwaro dai ya tafi. Fuskar ango da farar rigarsa suka yi jaja-jaja.

"Baba, me na yi maka?" in ji Sulaimanu.

"Zauna, ɗana," Baba ya ce. "Goro sabulu na fitar da shi. Wancan kuwa, da sai amarya ta tambaya ko an musanya mata miji."

Sulaimanu ya fita yana ƙunƙuni. Bai huce ba sai ranar ɗaurin aure, da ya ga wuyan wani ɗan garinsu da ya mari nasa ƙwaron, ya yi jawur ya ɗuri ruwa. Shi kuwa ya fito a hoto fuska sumul.

Washegari ya aiko da ƙullin farin goro. Baba ya juya shi, ya shinshina, ya rabar wa 'yan babur. Tun ranar nan, muddin ana ruwa, ba ya aski da goro a baki.