Inda Hanyar Rijiya Ta Kauce

Ba na sa mutane a cikin gidajen da nake ginawa. Tun da na bar aikin karanta labarai na dawo Daura, abin da ya fi cinye mini yini shi ne gina ƙananan gidaje a kan allon katako: zaure, rumbu, masallacin unguwa, rumfar mahauta. Jar ƙasa nake kwaɓawa da ƙaro, in murza tubali wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, in yi azara da tsinken kaba, in fere ɓargon karan dawa da reza in fitar da ƙyaure. Ma'aunina ɗaya ne: takun babban mutum, faɗin ɗan yatsa. Amma mutum-mutumi ban taɓa yi ba, ko na akuya, saboda abin da muka taso muna ji game da mala'iku da gidan da aka ajiye siffa. Shi ya sa unguwata ta kan tebur kullum wayam take, ƙofofi a buɗe, kamar yanzun nan aka yi shela kowa ya fita.

Maiɗakina ba ta shiga ɗakin da nake wannan aikin sai da sallama, ko da ta san ba na ciki. Na taɓa yi mata dariya. Ta ce, "Malam, gidan da ba kowa ai shi ake yi wa sallama da ƙarfi."

Bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu, gidanmu na cikin gari ya koma hannun ƙanena, wanda ke fatauci ta kan iyakar Kongolam. Ya ce zai rushe ginin ƙasar ya tayar da na bulo, ban kuma ga laifinsa ba, don kowace damina sai wani bango ya zauna. Kafin a sa diga na je na auna gidan da ƙafa, ɗaki bayan ɗaki, na dawo na fara gina shi a kan allo. Ana rushe babban a can, ƙaramin yana tashi a nan.

Ƙasan tsakar gida nake yi a ƙarshe. Sai in shimfiɗa laka mai laushi, in bi da babban yatsa in danne wuraren da ƙafa ta saba bi, don gidan ƙasa ba ya kama da gida sai an ga hanyoyinsa. Da hantsi na yi wannan aikin, hankalina yana kan rediyo. Da na gama na miƙe tsaye, na ga gidanmu daga sama, abin da ban taɓa gani ba duk shekarun da na yi a cikinsa.

Hanyar da ta tashi daga ƙofar ɗakin Inna zuwa rijiya ba ta miƙe ba. Tana kaiwa tsakiya sai ta lanƙwashe kamar baka, ta kewaye wani fili da bai kai ƙaramar tabarma ba, sannan ta koma kan saiti. Na ɗauka kuskure ne. Na jiƙa wurin, na shafe, na ja ta sambal. Sai gidan ya zama na wasu. Na sake shafewa, na kawar da ido, na bar yatsan ya tafi da kansa. A daidai wurin ya kauce.

Na zauna ina laluben abin da ke wurin a da. Ba itace, ba turmi, ba turke. Abin da na iya tunawa duk na rashi ne: ba a shanya gero a wurin, ba a zubar da ruwan wanke-wanke, ba mu taɓa yin langa a kai ba. Kuma ba wanda ya taɓa hana mu. Yaro gefen zanen uwarsa yake bi.

A ranar nan ƙanena ya zo. Ya leƙa allon yana dariya.

"Yaya, kai da gidajen 'yan tsana! Da a kan naka na sa magina, da tuni an tare." Ya sunkuya yana nuna mini tsarinsa, nan falo, nan ɗakin baƙi. Sai ya dangwala yatsa a kan filin nan. "Nan kuma ramin shadda. Shi kaɗai ne wurin da ba tsohon harsashi. Bayan Juma'a masu haƙa za su fara."

Ban san lokacin da na kama hannunsa na ɗage ba. Ya dube ni, ni ma na dubi hannuna.

Mutum ɗaya ta rage da ta san gidan kafin a haife ni: Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, da ke aure a Zango. Yanar ido ta rufe mata gani. Ranar Juma'a na ɗora allon a kujerar bayan mota, na tokare shi da matasai, na kama hanya a hankali, 'yan acaba suna wuce ni suna tsaki.

Na same ta a inuwar rumbu. Na ajiye mata allon a cinya.

"Me ka kawo mini, ɗan nan? Tuwo ne ya yi wannan tauri?"

"Gidanmu ne, Gwaggo."

"Gidanku! Gidan ubana dai."

Ta shiga ta zaure da yatsu biyu, kamar mai tafiya. Ta taɓa ɗakin kakarmu ta yi mata addu'a. Ta ce na rage wa madafi tsawo, kuma gaskiyarta. Ta sami rijiya, ta zura ɗan yatsa ta yi dariya. Daga nan ta bi hanyar da na danne ta nufi ɗakin Inna. Da yatsun suka kai lanƙwasar, sai suka tsaya. Dariyar ta ɗauke. Ta janye hannun ta goge a zane.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ya faɗa mini komai. Abin da na zo tambaya ke nan."

Ta juyo da fuska wajen da muryata take. Wata kurciya tana ta kuka a kan rumbun.

"Kai a ganinka kai ne ɗan farin uwarka?"

"Haka na sani."

"To ka taɓa ganin ɗan farin da uwarsa ke kiran sunansa gatsau a gaban mutane? Ta zaunar da shi a cinya tana ba shi fura?"

Ban taɓa gani ba. Abokan wasana sun sha yi mini gori a kan haka, ni kuwa na ɗauka Inna ce ba ta damu da irin wannan kunyar ba.

Gwaggo ta ce, "Akwai wadda ta riga ka. Cikin damina aka haife ta, ba ta kai suna ba. Ni na riƙe fitila... a'a, da rana ne ma, ƙwaryar ruwa na riƙe. A lokacin jariri irin wannan ba a kai shi nesa. Ubanka ya haƙa mata a tsakar gida, aka daidaita ƙasa. Uwarka ba ta taɓa ambatonta ba. Ta yaya za ta ambata? 'Yar fari ce. Tana raye ma ba za ta dube ta ba, balle."

A nan na tuna yadda Inna ke zuwa rijiya: guga a hannu, fuska a karkace wajen bango, kamar mai wuce surukai. Shekara da shekaru ina ganin wannan karkatar, na ɗauka rana take kaucewa.

Washegari na sami ƙanena a filin gidan. Ba abin da ya rage sai rijiyar da dokin ƙofar ɗakin Inna. An share ƙasa tas, ba alamar wata tsohuwar hanya. Masu haƙa sun zana da'ira da toka, suna zaune a kan buhunan siminti suna jiran umarni. Na ja shi gefe na faɗa masa.

Ya ce, "Haba, Yaya. Gwaggo da ke kirana da sunan Baba? Kuma ko da gaske ne, a wannan fili wa zai ce ga wurin? Sai in bar tsakar gida duka saboda abin wasanka?"

"Ba na ce ka yarda da allon ba. Je ka tsaya a ƙofar Inna."

"In yi me?"

"Ɗebo mini ruwa a rijiya. Kada ka dubi ƙasa, ni za ka duba."

Ya yi tsaki, ya tattare babbar riga, ya je ya tsaya. Na koma bakin rijiyar. Ya taho yana kallona yana mita, wai na mai da shi yaron aike a gaban ma'aikatansa. Yana tsakiyar magana kafaɗarsa ta karkata, ƙafarsa ta hagu ta fita gefe, ya yi baka, ya dawo kan saiti. Bai ma sani ba sai da ya iso ya ga yadda nake kallon bayansa.

Ya juya. Sawun takalminsa yana nan a kan sabuwar shara, ya bi gefen da'irar tokar bai taɓa ta ba.

Ya bi sawun da ido har ƙofar Inna. Sannan ya ce wa masu haƙa, da wata murya da ban san shi da ita ba, su kwashe kayansu su koma bayan inda zaure yake a da, ko da za su sha wahalar tsohon harsashi. Da tafin hannu ya share tokar, a durƙushe. Da aka zo zuba siminti a tsakar gidan, wurin kaɗai aka bari ƙasa.

Allon yana kan teburina har yanzu. Ban ɗaga tudu a wurin ba, tunda a babban gidan ma ba a ɗaga ba. Da na gama ba maiɗakina labarin, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon ƙaramar tsakar gidan.

Ta ce, "Kai da ka ce ba ka sa mutane a ciki."