Yatsun Yaya Gimba

Yayana Gimba yatsu takwas gare shi, zuciya kuwa ta mutum goma. A unguwar Moss Side yake zaune, can ƙasar waje, amma shekara sha ɗaya yana bin jirgin ƙasa zuwa Birmingham, yana koyar da masu ɗaukar hoton waldar bututun tashar nukiliya. Da wani ɗan ƙarfe mai guba ake ɗaukar hoton, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Irinsa ne ya faɗo daga akwati tun Yaya yana saurayi a gida, shi kuma ya tsince da hannu. Yatsu biyu suka kumbura, suka yi baƙi, suka ruɓe, likita ya datse su. Ni na yi jinyarsa, har yau warin bai bar hancina ba.

Dokar ajinsa ɗaya ce: in ƙarfen ya faɗo, ja da baya, duba mitar auna guba, kira na sama da kai.

Wata Talata a aji aka jefar da na bogi, na roba, a ƙasa don gwada ɗalibai. Wani ɗalibi, Jedidiah, magidanci ɗan Jos, ya sunkuya yana dariya zai ɗauka. Yaya ya yi kansa. Ya ɗauke shi da mari, ya ƙara masa naushi a hanci, ya shaƙe masa wuyan riga yana gwara shi da bango. Jini ya wanke tayil. Sai da ƙarti uku suka ɓamɓare shi.

Da na ji, na wanke shi tas. "Haba Yaya! Nan garejin Baba ne, da ake koyar da aiki da duka? Job ɗinka fa ya tafi!"

Haka kuwa aka yi. A gaban kwamiti shugabar ta ce ai abin na roba ne. Yaya ya ɗora dungulmin hannunsa a kan tebur, ya ce, "Ni ma ce min aka yi akwatin empty ne, babu komai a ciki." Suka kore shi, suka karɓe masa takardar koyarwa. Ban ga laifinsu ba, amma na yi kuka. Yanzu gadi yake a wani kanti.

Bara muka haɗu da Jedidiah a bas ɗin Old Trafford, hancinsa a karkace. Ya kau da kai, ko gaisuwa babu. Yaya kuwa hannayen mutumin yake ta kallo har muka sauka.

A bakin titi ya ce, "Zubaida, kin ƙirga? Goma ne cif."